Hular Sadisu

Mutumin da ya fara yi mini Hausa a ƙasar Masar shi ne ya cuce ni. Mun fito daga filin jirgi ina tura ɗana a keken marasa lafiya, kunnena ya cika da wani Larabci da ko kusa bai yi kama da na salla ba, sai na ji an ce, "Hajiya Inna, sannunku da hanya! Ya mutanen Tudun Wada?" Na waiga, ga mutum fari tas, shaddarsa na ƙyalli, ya durƙusa har ƙasa a gaban Larabawa bai ji kunya ba. Ya ce sunansa Sadisu, haifaffen Kwangila, shi aka haɗa mu da shi ya zama tafintanmu. Na tambaye shi ɗan wace ne. Da ya faɗi sunan uwarsa, ashe na san ta, mun sha haɗuwa a gidan biki. Nan take na ce a raina Allah ya ba ni ɗa a baƙuwar ƙasa.

Ni ce Kande mai hula. Ban zauna a aji ba ko na yini guda, amma shekara hamsin ina riƙe da allura, kuma babu zanen hular da zan kalla sau ɗaya in kasa fitar da shi. Wanda na kawo ɗan farina ne, don haka ba za ku ji sunansa a bakina ba. Kakarsa ta sa masa Magaji, da shi zan kira shi. Marini ne, shekararsa hamsin da biyu. Ya daɗe yana fitsarin jini yana ɓoyewa, yana cewa tsargiyar ƙuruciya ce ta dawo, har ranar da ya faɗi a bakin karofi. A asibitin gida suka zura masa na'ura, suka yanko wani abu a mafitsararsa, suka ce ciwon daji ne. Matarsa na jego, ni kuma ina da fasfo tun na Hajji, shi ya sa tafiyar ta faɗo kaina.

Kafin mu taho, likitan gida ya damƙa mini wani abu kamar kwalin ashana. Ɗan yankin naman da aka ciro ne, an daskarar da shi a cikin kaki. Ya ce in kula da shi, kada zafi ya taɓa shi, can za su nema. Na naɗe shi a tsumma na ɗaure a lalitata. Ko a jirgi da zan shiga bayi hannuna na kansa.

Masaukin da Sadisu ya kai mu a hawa na shida yake, kuma na'urar da ke ɗaukar mutane zuwa sama ta mutu tun kafin a haife ni, ina jin. Magaji yana hawa yana hutawa, ni ina bayansa da jaka, ba na kallonsa, ba na ce masa sannu, don ban saba ba. Tunda na haife shi ban taɓa zama da shi a ɗaki ɗaya mu biyu ba. Yanzu ga mu, gadonsa a nan, tabarmata a can, in zan yi masa magana sai in fuskanci bango in ce, "Wanda zai sha magani ya sha." Shi kuma ya ce wa taga, "An sha."

Abincinsu wake ne da safe, wake da rana, da wata gurasa mai tauri kamar faifai. Wata tsohuwa a hawa na biyar, mai ƙiba da haƙorin gwal, ta ga ina shanya kuka a bakin taga, ta shinshina, ta yi dariya har da riƙe ciki. Washegari sai ga ta da miyar wani ganye mai yauƙi kamar lalo. Ba ta jin nawa, ba na jin nata, amma kullum sai ta hau ta zauna mun yi hira da hannu. Allah ya saka mata.

Kwana uku da zuwanmu Sadisu ya kai mu wurin likita, wani dattijo mai sanƙo da ƙananan idanu. Ya duba hotunan cikin Magaji da aka ɗauka a ranar, ya ce ciwon ya kama bangon mafitsara amma bai fita ba tukuna. Sai ya jawo wata takarda ta misali, cike da ƙananan gidaje, wasu ja, wasu shuɗi, jere-jere. Ina ganinta na ce, "Wannan ai zanen hula ne."

Sadisu ya fassara, likita ya yi murmushi, ya ce in matso. A ranar dai Sadisu ya faɗi gaskiya, don gaskiyar za ta amfane shi. Ga abin da na fahimta. A cikin kowane ɗigon naman mutum akwai ƙwayoyin gado, dubbai, waɗanda ya samo daga uwa da uba. Ba duka ke aiki a lokaci guda ba, wasu na farke, wasu na barci. Ciwon daji yakan tashi waɗanda ya kamata su yi barci, ya kwantar da waɗanda ya kamata su yi gadi. Mutum biyu za su zo da ciwo iri ɗaya a ido, amma na wannan ya zauna inda yake shekara da shekaru, na wancan kuma ya saki ya bi jini ya tafi hanta ko ƙashi. Bambancin yana cikin waɗanne ƙwayoyi ne ke farke. Gidan ja, ƙwayar na farke. Gidan shuɗi, tana barci. Ya ce gwajin ba duba ba ne, ba ya faɗin ranar kowa, amma yana taimaka masa ya san ko irin mai gudu ne, ya san da wane magani zai fara da kuma irin saurin da za a yi. Ya ce a kai naman ɗakin gwaji, a dawo masa bayan mako biyu, kada a wuce.

A cikin mota Sadisu ya miƙo hannu. "Inna, kawo in kai musu. Wurin da nisa, ga ƙafarki."

Na kwance lalita. Abin da na hana ma'aikatan filin jirgi biyu taɓawa, na ɗauka da hannuna na sa a nasa. Ya ce, "Kamar naman jikina, Inna." Haka ya ce, wallahi.

Bayan mako biyu ya hau bene da fara'a, da ledar lemo a hannu. Ya baje takarda a kan gado. "Albishirinku! Malam Magaji, naka mai barci ne. Dubi shuɗi, dubi shuɗi. Likita ya gani, ya ce babu gaggawa. Ya ma tafi taro ƙasar Turawa, sai bayan wata guda. Ku huta, ku ci, ku sha iska." Magaji ya yi sujada a kan siminti. Ni na ɗauki takardar na ƙura mata ido, ba don ina karantawa ba, don dai ita ce ta ce ɗana zai rayu. Na ƙirga ta kamar yadda nake ƙirga zane: layin farko shuɗi bakwai, ja biyu, shuɗi huɗu. Can ƙasa ta hagu akwai ja uku da suka hau juna kamar matakala, kusa da su wani gida guda da launinsa ya koɗe. Har na ce in mun koma zan ɗinka masa hula da shi.

Muka zauna. Ɗakin na Sadisu ne, shi ya kama ya ba mu haya, duk kwanan da muka ƙara kuɗi ne a aljihunsa, wannan ban sa shi a lissafi ba a lokacin. Mako ya wuce, wani ya bi. Na yi kewar Tudun Wada har ina jin ƙanshin ƙosan bakin titi a hancina, har na yi kewar hayaniyar masu a-daidaita-sahu da nake zagi kullum. Magaji kuwa ya fara ɗingishi. Ya ce wa taga ƙugunsa na ciwo. Na kira Sadisu, ya ce benen ne, a shafa man zafi.

A mako na shida na haɗu da Malama Saratu. Ina saukowa sayen albasa na ji wata mata a matakala tana cewa, "Wayyo gwiwata, wannan bene zai kashe ni." Na ce, "Baiwar Allah, daga ina?" Ta ce, "Wusasa." Muka rungume juna kamar 'yan uwa, ita da gicciyenta a wuya, ni da carbina. Tsohuwar malamar makaranta ce, ta kawo mijinta Baba Yohanna, ciwonsu ɗaya da Magaji, likitansu daban, tafintansu ɗaya. Sadisu ya sauke su a hawa na uku, bai taɓa gaya wa ɗayanmu akwai ɗan gida a ginin ba.

Ta ja ni ɗakinta ta dama mini kunun gyaɗa, na sha ina hawaye. Ta ce, "Hajiya, mu dai mun gode Allah, namu mai barci ne. Jiya Sadisu ya kawo takarda." Ta ɗauko ta nuna mini.

Na ajiye kofin.

"Malama, wannan takardar ɗana ce."

"A'a, Hajiya, ga sunan maigidana a sama. Yohanna. Ga shekarunsa."

"Ni ban san suna ba. Kife ta."

Ta kife. Na ce, "Layin farko shuɗi bakwai, ja biyu, shuɗi huɗu. Na biyu shuɗi tara, ja ɗaya. Ƙasa ta hagu ja uku kamar matakala, kusa da su gida guda ya koɗe." Ta buɗe tana bi da yatsa. Na hau sama na ɗauko tamu, ban san lokacin da na taka hawa ukun nan ba. Muka ɗora ɗaya a kan ɗaya a jikin gilashin taga, rana ta ratsa su. Gida bai kauce wa gida ba. Sunan kawai aka canza.

Malama Saratu ta ce, "Ni da na yi shekara talatin ina kama yara da satar amsa."

Na ce, "Ke suna kika karanta, ni aiki na duba. Ɗauko mayafinki."

Tana jin Turanci, don haka a ranar muka hau tasi mu biyu muka tafi asibitin Magaji. Likitan da aka ce yana ƙasar Turawa yana zaune a kujerarsa yana shan shayi. Ya kalli takardun biyu, fuskarsa ta canza. Ya ce naman mutum biyu ba ya fitowa gida da gida iri ɗaya, ko da 'yan uwa ne. Ya buga waya ɗakin gwaji, suka ce ba a taɓa kawo musu komai da sunanmu ba. Likitan ya ce tafintanmu ne ya zo ya gaya masa mun fasa, mun koma gida neman maganin gargajiya.

Ranar Juma'a ce washegari. Akwai wata Bakanuwa da ke sayar da tuwo a wata unguwa, duk Hausawan garin nan suke taruwa bayan masallaci, ɗalibai, 'yan kasuwa, masu jinya. Na sa Malama ta kai ni. Na same shi a tsakiyar mutane, ya naɗe hannun riga, yana ba da labari ana dariya.

"A'a, Inna! Me ya fito da ke? Ku ba Innata kujera."

"Ban haife ka ba, kada ka ƙara. Ina naman ɗana?"

"Yana ɗakin gwaji mana, Hajiya. Ai ba sa mayarwa."

Na ɗora takardun biyu a kan farantin tuwonsa. Na ce wa jama'a, "Ku da kuka yi boko, ku duba mini." Suka karɓa suna miƙa wa juna. Sadisu ya ce kuskuren na'ura ne, tsohuwa ce, ba ta san komai ba, ko alif ba ta sani ba. Na ce, "Gaskiyarka, ban sani ba. To kai da ka sani, rufe ido ka faɗi layin farko." Ya hau warware naɗin hannun rigarsa. Ni na rufe nawa na karanto musu ita daga sama har ƙasa, layi goma sha biyu, wani ɗan kasuwa na bi da yatsa yana cewa, "Haka ne. Haka ne. Innalillahi, haka ne." Wani mai jinya daga Katsina ya miƙe ya laluba aljihunsa, ya fito da tasa takardar. Ita ce dai.

Mai tuwo ta ce, "Sadisu, ba da makullin motarka, ko in juye maka miyar nan."

A akwatin gaban mota muka same su, inda rana ke duka tun safe har yamma. Guda huɗu ne a leda ɗaya, tare da tsohon rasit da murfin kwalba. Kakin ya narke ya sake daskarewa ya sake narkewa, har suka zama curi guda. Naman ɗana, da na Baba Yohanna, da na wasu bayin Allah biyu, ba a san na wane ba. Na riƙe shi a tafin hannuna. Ban yi kuka ba. Na dubi Sadisu na ce, "Ka ce kamar naman jikinka. Allah ya isa tsakanina da kai." Likita ya ce ba ya gwaduwa, don haka muka sa aka binne shi a gefen maƙabarta, Musulmi da Kirista a rami ɗaya, tunda ba mai iya raba su.

Aka sake zura wa Magaji na'ura aka yanko wani. Muka sake jira. Wannan karon Malama Saratu ce ta kai da ƙafarta, ita ta karɓo, ita ta zauna tsakanina da likita. Takardar gaskiya da ta zo, inda ta Sadisu ke shuɗi, nan ja ya cika kamar an watsa barkono. Likita ya ce irin mai gudu ne. Sabon hoto ya nuna ya riga ya fita, yana ƙashin ƙugu, wurin da nake ba shi man zafi ya shafa. Ya ce yanzu ba maganar cire mafitsara, sai maganin da zai rage masa gudu.

Na ce Malama ta tambaye shi, da an kawo a kan lokaci fa? Ya ajiye takardar a kan tebur. Ya ce irin wannan ko an kama shi da wuri yakan kuɓuce, ba zai iya rantsuwa ba. Amma ranar da muka fara zuwa ƙashin nan lafiya lau yake, kuma da ya ga wannan jan a mako na biyu, da a mako na uku an fara magani. Shi likita ne, ba ya rantsuwa. Ni na rantse.

Baba Yohanna, da yake kwanansa ɗaya kacal da takardar ƙarya, an yi masa aiki, yana nan da ransa a Wusasa yana kiwon kaji. Ba na baƙin ciki da haka. Duk Kirsimeti sai Malama ta aiko mini da shinkafa.

Muka yi wata uku ana ɗura wa Magaji magani ta jijiya, gashinsa ya zube, farcensa da shunin karofi ya rina tun yana yaro ya yi fari a karon farko. A can na daina yi wa bango magana. Wata rana da hantsi yana amai na riƙe masa kai, na ce, "Sannu." Ya ɗago ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. Ya ce, "Inna, ki bar Sadisu da Allah. Ni na yafe." Na ce, "Naka ka yafe."

Mun dawo gida, ya ga jaririyarsa ta fara rarrafe, ya yi azumi ɗaya a kwance. Bayan ƙaramar salla da kwana tara ya rasu a ɗakina, a Tudun Wada.

Ranar addu'ar uku zaure ya cika, cikin gida ya cika. Sai aka ce mini ga dattawan Kwangila sun zo da wani yana neman gafara. Ashe Sadisu ne, zama ya gagare shi a Masar, ba mai ba shi ko gaisuwa, ya dawo. Aka shigo da shi har ƙofar ɗakina, ya durƙusa irin durƙuson filin jirgi. Limamin unguwarsu ya ce, "Hajiya, mun ji marigayi ya yafe. Ke ma ki dubi Allah. Kwana ne ya ƙare."

Na ce, "Malam, na san kwana ne. Ban ce shi ya ɗauki rai ba. Amma hannuna ne ya kwance lalita, ni aka kalla aka kira Inna. Wannan nawa ne, kuma ban yafe ba."

Na sa hannu ƙarƙashin matashi na ɗauko hular. Tun a Masar na fara ta, a bakin gadon asibiti, da zare ja da shuɗi. Layi goma sha biyu, matakala uku a ƙasa ta hagu, har gidan da ya koɗe sai da na nemo zaren da ya sha rana na sa. Na ce, "Ga tukuicin albishir ɗin da ka yi mana, ban ba ka ba a lokacin. Sa mu gani." Ya ƙi ɗagowa. Na ɗora masa a ka da kaina. Ta zauna daidai, don tun ranar farko na auna kansa da ido.

Ban tsaya nan ba. Mata talatin da wani abu ke karɓar aiki a hannuna, daga nan har Hanwa. Zanen da na ƙirƙira ba na ba kowa sai ya tsufa, amma wannan na raba shi kyauta, na zauna na koya wa kowacce gida da gida. Sharaɗi ɗaya na kafa: kowane zanen hula da sunansa, wannan sunansa Sadisu, kuma duk wanda ya tambayi dalili a gaya masa. Ga shi zanen ya yi kyau, abin haushi. Samarin unguwar Kongo suka ɗauke shi, angwaye suka fara yin anko da shi. Ka shiga kasuwar Tudun Wada yau ka ce a ba ka Sadisu, za a ba ka, a haɗa maka da labari.

Watan jiya uwar Sadisu ta zo. Ta tsufa fiye da yadda na san ta. Ta zauna a bakin tabarma ta ce, "Kande, ya daina zuwa masallacin Juma'a. Ya ce in ya ɗago daga sujada, sahun gabansa duk hular nan ce. Don Allah ki sa a canza sunan."

Na ba ta ruwa ta sha, don ba ita ta yi mini ba. Na ce, "Ladi, ke kina da wanda za ki roƙa wa. Je ki gaya masa ya kwantar da hankalinsa, babu gaggawa. Ya huta, ya ci, ya sha iska."

Da ta fita na jawo kwandon zare. Akwai hular Sadisu guda shida da aka ce ana so kafin Juma'a.